Hoto Talatin, Filasta Ɗaya

Ga ta nan, ga ta nanku. Ku ce ta zo ko ku yi shiru, yau dai sai kun ji ta, don ta daɗe tana ci mini rai.

A benen da nake zaune, hawa na uku, ƙofa biyu ce ke kallon juna: tawa da ta gidan Hajiya. Tsakaninmu bai fi taku huɗu ba. Bangon kuma siriri ne, in aka yi atishawa a falonsu ni ce ke fara yi wa mutum addu'a. Saboda haka kada wani ya ce a gari na tsinto. Abin da ban gani da idona ba, daga bakin mai abin na ji.

Mutum uku ne a gidan. Akwai Hajiya, da ciwon sukarinta da ƙafafunta da suka daina ɗaukarta. Akwai ɗanta Auta, mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki, wanda ya haura arba'in amma har yau in ka yi masa tambaya uwarsa ce ke amsawa. Sai matarsa, wadda aka auro daga wata ƙasa shekara huɗu da suka wuce, har yanzu Amarya ake ce mata. Akwai kuma ta huɗu, ba ta kwana a gidan amma ta fi masu gidan iko, wato yayar Auta. Ni na sa mata Anti Na-Sani, don ba ta taɓa barin mutum ya dire magana ba ta ce "na sani" ba.

Auta haifaffen ƙasar nan da muke zaune ne, takardunsa cikakku. Amarya kuwa zamanta a kan aurensa yake rataye. Takardar zama ta wucin gadi take riƙe da ita. Wata safiya sai ga wasiƙa daga ofishin shige da fice: kafin a ba ta ta dindindin, sai ita da mijinta sun kawo shaidar cewa aurensu na gaskiya ne, ba wanda aka ƙulla don takarda ba. An ba su wata biyu. In shaidar ba ta gamsar ba, sai ta bar ƙasar.

Da dariya ta shigo mini da wasiƙar.

"Kaka, ki ji wani abu. Wai in kawo shaidar ni matarsa ce."

"To ki ce su zo su kwana biyu a gidan, 'yar nan. Su ga wanda ke wanke masa safa."

Muka yi dariya mu biyu. Mun ɗauka abin wasa ne. Ai yarinyar da ke yi wa uwar miji allura safe da yamma, ta ɗaga ta, ta yi mata wanka, ta shafa mata mai a ƙafa, ta dafa nata daban marar gishiri, ta dafa na ɗan daban mai yaji, sannan ta hau keken ɗinkinta a lungun falo ta rage wa Anti Na-Sani riguna, wa zai ce ba matar gida ba ce?

Ranar zuwa wurin lauya, Auta ya ce yana da aiki a wani otal. Ni na raka ta. Lauyar mace ce, mai saurin magana, ta miƙo mana takarda ɗauke da jerin abubuwan da ake so: takardar haya mai sunansu su biyu, takardar wuta ko ta ruwa mai sunan matar, saƙonnin waya, hotunan da suka ɗauka tare cikin shekarun nan, da wasiƙun mutanen da suka san zamansu.

"Abu ɗaya zan roƙe ki," in ji lauyar. "Kada a haɗa ƙarya. Kaɗan na gaskiya ya fi mini tuli na ƙarya. Mutanen nan aikinsu ke nan tun safe har yamma. Mu ga wayarki."

Amarya ta buɗe saƙonnin mijinta ta miƙa. Lauyar ta dinga ja da yatsa tana karantawa a fili. Ki ɗora abinci. Hajiya ta sha magani? Ina shuɗiyar rigata? Buɗe ƙofa. Ki ɗora abinci. Buɗe ƙofa. Ta ja ta ja har ta koma shekara biyu baya, sannan ta ajiye wayar a hankali.

"Ba shi da wata lambar da yake turo miki saƙo da ita?"

"Ita ke nan."

"To. Mu nemi sauran."

Sauran ma haka. Takardar haya sunan Auta da na Hajiya ne a jiki. Ta wuta sunan Auta. Ta ruwa sunan mahaifinsa ne, wanda ya shekara goma a ƙasa. Da Amarya ta durƙusa gaban Hajiya ta ce ko za a je wurin mai gidan hayar a ƙara sunanta, sai Hajiya ta gyara zama.

"Sunan mace a takardar gida? Daga nan sai ta fara jin ita ta gina shi. Ni shekara arba'in na yi da ubansu, ban taɓa ganin sunana a jikin komai ba, kuma ban mutu ba."

"Hajiya, ai naki yana jikin wannan."

"Wannan na ɗana ne. Ki tashi ki duba mini ruwan zafi."

Aka zo kan hotuna. Nan ne na ji kunya kamar ni na yi laifin. Hoton biki guda biyu ne. Bayan su, gidan nan cike yake da hotuna: ranar da Hajiya ta fito daga asibiti, ranar da Auta ya sayi mota, ranar da 'yar Anti Na-Sani ta gama makaranta. Kowa yana ciki, har da ni a guda uku. Amarya ce kawai babu. Ita ake miƙa wa wayar a ce, "Amarya, ɗauke mu." Shekara huɗu tana ɗaukar su, ba wanda ya taɓa cewa ta kawo wayar ta shigo.

Anti Na-Sani ta ji labari, ta taso.

"Hoto suke so? Hoto za su samu. Ranar Asabar kowa ya zauna a gida."

Amarya ta ce, "Yaya, lauya fa ta ce kada a..."

"Na sani. Lauya aikinta tsoratarwa. Ni na san mutum biyar da aka yi wa haka, duk suna nan da takardunsu. Kuma ina ƙaryar take? Ba mijinki ba ne?"

Ranar Asabar tun da safe Amarya tana kicin, don Anti ta zo da mijinta da 'ya'yanta, kuma duk sai sun ci. Garin sauri mai ya fantsamo mata a bayan hannun hagu, wurin ya tashi. Ni na wanke mata na manna mata filasta mai faɗi. Tana fitowa Anti ta juye akwatin kaya a kan gado.

Jama'a, na ga wasan kwaikwayo. Aka sa kaya aka cire sau tara. Aka sauya labulen falo sau uku, aka ja kujera nan, aka mai da ita can. Aka sayo kek aka dasa kyandir, wai ranar haihuwar Amarya ce ta shekara uku baya. Aka sauka lambun bayan bene aka shimfiɗa tabarma. Aka je ƙofar wani gidan cin abinci aka tsaya kamar yanzu aka fito, alhali ko ruwa ba a sha a ciki ba. Anti tana riƙe da waya tana ba da oda.

"Auta, riƙe ta mana. Ba wayar wuta ba ce, ba za ta ja ka ba."

"Yaya, ki yi sauri, ƙarfe huɗu za a fara ƙwallo."

"Ke kuma yi dariya. Kin tsaya kamar an kawo ki allura."

Auta ya ɗora hannu a kafaɗar matarsa kamar mai gwada ko fenti ya bushe. A wurin kek ɗin Amarya ta ɗaga hannunta ta ce, "Yaya, wannan filastar fa? Duk za ta fito."

"Na sani. Wa zai kalli hannu? Fuska ake kallo."

Aka wanke hoto talatin. Anti ta zauna da biro tana rubuta wa kowanne shekara da wata a baya, tana yabon kanta. Ba a kai wa lauya ta gani ba. Anti da kanta ta cusa su a ambulan ta kai ofishin, ta ce lauya sai ta kawo ƙa'ida ta ɓata aiki.

Saura ganawa da jami'an ofishin. Lauya ta riga ta ce za a raba su, kowa da ɗakinsa, a yi musu tambayoyi iri ɗaya a gwada amsoshin. Amarya ta samu takarda ta rubuta wa mijinta abubuwan da ta ga za a iya tambaya: ranar haihuwarta, sunan mahaifiyarta, yawan ƙannenta, maganin da take shaƙa in numfashinta ya sarƙe. Ta kai masa yana cin abinci.

Ya duba sama-sama. "Ni da matata sai an yi mini jarrabawa?"

"Ka dai duba, Yaya. Ba yawa."

"Zan duba."

Ya ninke ta ya jefa a akwatin kayan aikinsa. Daga falo Hajiya ta ɗaga murya: "Ki bar yaro ya ci abinci. Ya wuni a kan tsani, ke kina zaune a inuwa."

Ranar ganawa ni na zauna da Hajiya, don in ban da Amarya ba wanda ya iya allurar, sai ni da ta koya wa. Da azahar suka dawo. Auta ya shigo yana fito, ya ce komai ya tafi daidai, mutanen ma suna da kirki. Amarya ta wuce kicin. Sai da ta sallami kowa ta shigo wurina ta zauna a ƙasa.

Ta ce jami'in da ya gana da ita bai ɗaga murya ba ko sau ɗaya. Ya tambaye ta lambar takalmin mijinta, ta faɗa. Abincin da ba ya ci, ta faɗa. Tabon da ke bayansa, ta ce na ƙarfe ne da ya yanke shi yana koyon aiki. Sunan ubangidansa na farko, sunan abokinsa na makaranta, gefen da yake kwanciya, duk ta faɗa ba gargada. Sai ya zaro hotunan ya jera su a tebur, layi uku. Ya ɗauki biro ya dinga taɓa su ɗaya bayan ɗaya, a daidai hannunta.

"Malama, wannan ciwon shekara huɗu bai warke ba?"

Sannan ya dubi hannunta a kan tebur, ga sabon tabo ja.

"Me kika ce masa?" na tambaye ta.

"Na ce rana ɗaya aka ɗauke su. Kaka, me zan ce? Yana kallon hannuna."

Abin da Auta ya yi a nasa ɗakin kuwa, sai da wasiƙar ƙin amincewa ta zo muka ji, don sun rubuta komai, lauya ta karanta mana. An tambaye shi sunan surukarsa, ya ce Mama suke ce mata. An tambaye shi watan haihuwar matarsa, ya faɗi na uwarsa. An tambaye shi ko matarsa tana da wata lalura, ya ce lafiyarta ƙalau, ko ciwon kai ba ta yi. Ƙannenta nawa? Ya ce suna da yawa. Da aka ce ko yana da abin da zai ƙara, sai ya nuna na'urar da ke bango ya ce gas ɗinta ya yi ƙasa, daga ƙararta ya gane. Mutumin da ke jin ciwon na'ura daga bakin ƙofa, shekara huɗu mace tana numfashi da ƙyar a gefensa bai ji ba.

A ƙasan wasiƙar suka rubuta hukuncinsu. Wai sun lura matar ta san komai, mijin bai san komai ba, kuma haka auren takarda yake zuwa musu: mai nema ta haddace, wanda aka ɗauko bai damu ba. Ga kuma hotunan ƙarya. An ba ta kwana talatin ta ɗaukaka ƙara, ko ta haɗa kayanta.

Kuna tsammanin wani a gidan ya sunkuyar da kai? Anti Na-Sani ce ta fara.

"Bakinki ne ya jawo. Da kin ce ciwon yana tashi yana komawa, wa zai ƙaryata ki?"

Hajiya ta karɓa. "Kuma wa ya ce ki yi ta zuba kamar rediyo? Da kin yi kuskure biyu uku, da kun yi daidai da shi. Kin je kin nuna ke mai ilimi ce, kin kunyata mini yaro."

Auta yana zaune yana latsa waya. Amarya ta dube shi.

"Yaya, takardar da na rubuta maka fa?"

"Wace takarda? Af. Ai mai ya zube a kai. Ke dai ki yi haƙuri, abin da Allah ya rubuta ba mai gogewa."

Allah dai bai ce ya jefa takarda a akwatin sifana ba, amma ba gidana ba ne.

Daga ranar yarinyar nan ta fara zubewa. Ta daina hawa keken ɗinki. In na kai mata abinci sai ta juya cokali ta ture. In ta ji an taka matakala sai ta miƙe tsaye, ta ɗauka an zo tafiya da ita. Numfashinta ya dinga sarƙewa, ina jin tarinta ta bango. Amma allurar Hajiya ba ta taɓa wuce lokacinta ba, rigunan Auta kuma a goge suke a jere. Hajiya ta daina yi mata magana sai dai kira. Anti kuwa a gabanta take buga waya tana cigiyar mai kula da tsofaffi, "ko da wani abu zai faru." Har ta juyo ta ce, "Amarya, ki rubuta mana yadda ake auna allurar nan, da sa'o'in magani, kada a zo ana neman ki."

Ta rubuta musu. Da kyakkyawan rubutu, ta manna a jikin firij.

Lauya ta yi faɗa kan hotunan har ta gaji, sannan ta ce saura hanya ɗaya, a ɗaukaka ƙara. A kawo takarda ta gaskiya daga waje, wadda ba mutanen gidan suka yi ba, kuma mijin ya rubuta bayanin zamansu da hannunsa, ya zo gaban alƙali ya amsa tambaya.

Ni na tuno da asibiti. Shekara biyu baya Amarya ta yi ɓarin ciki wata biyar. Da rana tsaka abin ya same ta, tana shanya. Hajiya ta hana a kira Auta, wai yana kan tsani, kada hankalinsa ya tashi ya faɗo. Ni na tsayar da tasi na kai ta, na kwana uku a kan kujera a gefenta. Auta ya leƙo sau ɗaya da lemo a leda, ya ce wurin ajiye mota ya yi wuya, ya tafi. Ɗan da aka rasa namiji ne, ma'aikaciyar jinya ta faɗa mana. Shi ne yanzu muka koma asibitin aka ba mu takardun, ga sunanta, ga sunan mijinta a matsayin uban cikin.

Lauya ta ce, "Wannan shaida ce mai ƙarfi. Amma alƙali zai tambaye shi a kai. Ki turo mini shi mu zauna."

Sau biyu ta sa masa rana, sau biyu aiki ya taso. Bayanin da aka ce ya rubuta kuwa, kwana uku farar takarda tana kan tebur.

"Ke ki rubuta mana in sa hannu. Kin fi ni iya irin wannan."

"An ce da hannunka, Yaya."

Ya yi tsaki ya ja biro. Na ga takardar da idona, layi uku ne. Matata ce. Tana da hankali. Tana kula da mahaifiyata sosai. Ko mai neman 'yar aiki a ba shi wannan takardar, sai ya ce a ƙaro bayani.

Ana gobe za a shiga kotu, na kira ta na ce, "'Yar nan, ki zaunar da shi ki tuna masa zancen asibitin nan. Wata, da kwanaki, da komai. Kin san halinsa."

Ta juyo ta dube ni.

"Kaka, na rubuta masa sunan uwata. Na rubuta masa ranar da aka haife ni. Wannan ma sai na rubuta masa?"

"Takardarki fa ake magana. Zamanki."

"Na sani," ta ce, sai ta yi ɗan murmushi, don ta ji bakin wa ta ara. "Ɗansa ne, Kaka. In ya tuna, ya tuna."

Na lallashe ta, na yi faɗa, na ce taurin kai ne. Ba ta tuna masa ba.

Ɗakin shari'ar ƙarami ne, tebur ɗaya dogo da kujeru, babu wani abin tsoro. Alƙalin dattijo ne mai tabarau, yana magana a hankali. Ni aka fara kira. Na faɗi abin da na sani, har ya ce, "Ya isa, Kaka, na gode," don kun san ni in na fara. Sannan ya juya ga Auta, wanda ya sha sabuwar riga da matarsa ta goge masa.

"Malam, shekara biyu da suka wuce an kwantar da matarka a asibiti kwana uku. Me ya same ta?"

Auta ya gyara wuyan riga. Ya kalli silin.

"Zazzaɓi ne, ranka ya daɗe. Mai zafi." Sai ya juyo ya dubi Amarya. "Ko ulsa ce?"

Lauya ta rufe ido. Alƙalin ya cire tabarau ya ajiye.

"Takardar da ke gabana ta ce ciki ta rasa. Wata biyar."

"Af, wannan. Ƙwarai, an yi haka. Ai Hajiya ce ta ce abin mata ne, kada in sa kaina a ciki."

"Mace ce ko namiji?"

Auta ya sake duban matarsa, irin duban da yake mata in yana neman makullin mota. Ita kuwa hannunta take kallo.

Alƙalin ya daɗe yana rubutu. Sannan ya ce, "Malama, ke zan tambaya, kuma ki faɗa mini gaskiya. Auren nan na gaskiya ne?"

Lauya ta riga ta koya mata amsa: ta ce e, ta tsaya a nan. Amarya ta ɗago kai.

"Ranka ya daɗe, ni dai na yi aure. Shi ne ban sani ba."

Bayan sati biyu hukunci ya zo. Alƙalin ya rubuta cewa bai ga alamar matar maƙaryaciya ce ba, amma doka shaidar zaman mutum biyu take nema, shi kuwa na mutum ɗaya aka kawo masa, ga kuma hotunan da aka shirya. Ya tabbatar da hukuncin farko.

Na ji masu zagin mutanen ofishin, wai ba su da imani, wai sun raba mata da miji. Ni ban ga laifinsu sosai ba. Me suka tambaya? Sunan uwar matarka. Ciwon da ke damunta. Ɗan da kuka rasa. Ba su ce ya kawo lissafin taurari ba. Baƙi ne da ba su taɓa ganinta ba, suka zauna awa biyu suna son su san ko wace ce ita, abin da mutanen gidan ba su yi ba a shekara huɗu. Sun ci girkinta, sun sa ɗinkinta, ta ɗauke musu kashi da fitsari, kuma da aka ce su nuna inda take a rayuwarsu, sai da suka sayo kek.

Ranar tafiyarta Auta ya ce yana da aiki a wani asibiti, na'urar ɗakin tiyata ta tsaya, rai ake magana. Hajiya ta ce ta gaida mutanen gida, ta kuma tambaya ko ta bar miya a firij. Ta bari. Ni na raka ta filin jirgi da akwati ɗaya da kan keken ɗinkinta a kwali.

Amarya tana can ƙasarsu yanzu, wurin wani yayanta. Ta kama shago, tana ɗinki da mata biyu a ƙarƙashinta, ta yi ƙiba, takan kira ni duk ranar Juma'a. Wata shida da komawarta ta aiko a ba ta takardar saki, Auta ya ce ta rubuto ya sa hannu. Masu kula da tsofaffi uku aka kawo wa Hajiya, ba wadda ta cika wata. Yanzu tana gidan Anti Na-Sani, suna faɗa safe da yamma, an kuma yanke mata yatsun ƙafa biyu. Auta yana nan shi kaɗai a gidan, da riga a yamutse, yana gaya wa duk wanda ya tsaya cewa gwamnati ce ta kashe masa aure. Ni kuma ina nan a hawa na uku, in mun haɗu a matakala yakan gaishe ni, nakan amsa.